Safaya a motar ɗaki: ƙarƙashin shasi, bayan mota, cikin sito ko saman rufi?

Salamu alaikum. Ɗan uwa mai tambaya kan motar ɗakin da ka saya a Jamus, wadda aka ɗora ɗakin a kan Fiat Ducato, ka ce ba ka samu safaya a ciki ba sai 'yar kwalbar ruwan liƙi da ɗan famfo, ga shi kuna son tsallakawa Maroko da iyali in hutu ya zo, shin ƙasa za ka rataya ta, ko baya, ko ciki, ko sama. Allah Ya sanya alheri a motar, Ya tsare hanya.

Da farko dai safayar nan ka saye ta, don Allah kar ka ɗauki yara ka shiga doguwar tafiya da kwalbar nan kaɗai. Dokar Jamus ba ta tilasta maka ɗaukar safaya ba, shi ya sa masu haɗa motocin suke cire ta don su rage nauyi, tunda lasin B, wato lasin tuƙin ƙaramar mota, bai wuce kilo 3,500 ba kuma yawancin masu saye shi ne da su. Ruwan liƙin nan iyakarsa ƙaramar ƙusa a tsakiyar taya, kuma ko ya kama ba a son ka wuce gudun kilomita 80, amma in gefen taya ne ya tsage ko ta yi bindiga toh ba abin da zai maka. A gida mun saba mai faci na kowace kwana, a nan kuwa in abin ya same ka ranar Lahadi shaguna a rufe suke sai dai motar ja. Maroko akwai masu faci, amma samun taya irin taka mai ɗaukar nauyi a wani ƙauye cikin tsaunukan Atlas ba abu ne da za ka dogara da shi ba.

Toh kafin maganar wuri, ka je sikelin manyan motoci ka auna motar da kayanta da ruwanta da mutanenta, gaba daban baya daban. Ducato mai ƙaramin shasi yawanci gaba kilo 1,850 aka yarda ta ɗauka, baya 2,000, akwai ɗan farantin da ke ɗauke da adadin a jikin motar. Kar ka yarda da nauyin da ke takarda, dokar Turai ta bar musu sassaucin kashi 5 cikin 100, ga kuma abin da mai motar na baya ya ƙara, rumfa ce, sola ce, batir na biyu ne. Taya mai inci 16 da rim ɗinta na ƙarfe tana kai kilo 25 zuwa 30, wannan nauyin kuma inda ka ajiye shi yana canza lissafi sosai.

Ƙarƙashin shasi shi ne wurinta na asali kuma ni shi na fi so in har akwai fili. Nauyin yana ƙasa, yana kusa da tayoyin baya, ba rana, ba ta cin wurin kaya, ɓarawo ma sai ya kwanta kafin ya kai gare ta. Ducato tana da abin ratayewa na kamfani, igiyar ƙarfe ce da ake murzawa ta sauko da tayar, in kuma shasin bayan na kamfanin AL-KO ne toh su ma suna da nasu marataya daban, kar ka sayi na wannan ka ce zai hau wancan. Matsalar ita ce da yawa daga masu gina ɗakin a daidai wannan gurbin suke dasa tankin ruwan wanke-wanke, sai ka leƙa ka ga ba wuri, don haka ka kwanta ka duba da idonka da tef a hannu kafin ka biya kuɗin komai. Sai kuma tsatsa, gishirin da ake watsawa a titi lokacin sanyi yana cin igiyar da makullinta, in ba a sauke ta ana sa mata giris ko sau ɗaya a shekara ba ranar da ake nema ranar za ta ƙi sauka. Abu na uku wanda mutane ba sa tunawa, in tayar baya ce ta sace motar tana zama ƙasa, sai safayar ta ƙi fitowa ta ƙarƙashi, dabarar ita ce ka hau da tayar da ta sace kan ɗan tudun robar nan da kake daidaita mota da shi a sansanin kwanan motocin ɗaki, sai ka samu sarari.

Bayan mota shi ya fi burge ido kuma shi ya fi sauƙin ɗauka, kana tsaye za ka kwance ta, iskarta ma kullum za ka iya dubawa. Amma a nan ne nauyi yake yaudarar mutum. Kamar amalanke ne, in ka loda kaya a can gindinta gaba ne ke ɗagawa. Mu ɗauka tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 4 ne (doguwar Ducato mita 4 da ɗoriya ce), sannan ɗakin ya zarce tayar baya da mita 2, ka rataya taya kilo 30 da ƙarfen marataya kilo 15, wato 45. Tayoyin baya ba 45 za su ji ba, kusan kilo 67 za su ji, gaba kuma ta ragu da wajen 22. Ita kuma Ducato da tayoyin gaba take ja, duk abin da ka rage musu ka rage kamun ƙasa a hawan dutse da cikin ruwan sama. In dama bayanka yana dab da 2,000 toh wannan kaɗai ya isa ya tsallakar da kai.

Sannan a ina za a ɗaure ta? Bangon bayan irin motarka ba ƙarfe ba ne, soso ne a tsakiya da falle siriri ta waje da katako siriri ta ciki, kaurinsa bai fi santimita 3 ba sosai. In aka huda shi aka ɗaure taya, girgizar hanya za ta riƙa sassauta ramukan a hankali, ruwa ya samu hanya, kuma ruwa a cikin bango shi ne ciwon da ya fi kashe darajar motar ɗaki. Wallahi wannan kar ka yarda ko da mai gyara ya ce ya saba yi. In baya kake so dole marataya ta kama shasi, ko ta hau kan ƙugiyar jan tirela, a nan ma ka duba nauyin da aka yarda ƙugiyar ta ɗauka daga sama. Masu motar da jikinta duk ƙarfe ne mai ƙofa biyu a baya su abin ya fi musu sauƙi, akwai marataya da ke kama hinjin ƙofa, nauyin ba ya kan fallen ƙofar. Ko wanne ne dai kar ta rufe lamba ko fitila, kuma ka tambayi masu TÜV, wato masu duba lafiyar motoci a Jamus, ko sai an shigar da ita takarda kafin a ɗaura. Ka tuna kuma jirgin ruwan Aljesiras ta Sifen zuwa Tanja ta Maroko da tsawon mota ake biya, abin da ya fito a baya ana lissafa shi.

Cikin sito, wato babban ma'ajin nan na ƙarƙashin gadon baya, shi ne mafi arha, kuma in ƙasa ba wuri nan zan ce ka sa ta. Tana tsaf ba laka ba tsatsa, fito da ita minti biyu ne in ba ka binne ta da kaya ba. Amma ka tsayar da ita a jikin bangon da ya fi kusa da tayoyin baya, can gaba ba bakin wutsiya ba, ka ɗaure ta da bel mai ƙarfi a zoben da ke ƙasan siton ko ka sa maɗauri na noti, taya mai kilo 30 da ke yawo in ka taka birki da ƙarfi za ta fasa abin da ta samu. Siton yana da iyakarsa, da yawa kilo 150 ne, akwai takarda manne a ƙofar, in ka cire 30 ka ga abin da ya rage wa kekunan yara da kujeru. Sabuwar taya tana warin roba, ka sa ta a jaka tunda a samanta ake kwana.

Saman rufi kam ka manta da shi. Motar ta kusa mita 3 tsayi, nauyi a can sama yana ƙara mata tangaɗi a kwana da cikin iska, rana na gasa robar, kuma ka yi tunanin sauko da kilo 30 ta tsani kai kaɗai a gefen babban titi manyan motoci na wucewa.

Wajen sayen ita kanta safayar a kula, ba kowace rim ɗin Ducato ke shiga kowace Ducato ba. Duk noti 5 ne amma tazararsu ta bambanta, ƙaramin shasi milimita 118 ne, babban shasi wato Maxi 130, kuma akwai ƙaramin shasi mai inci 16, don haka inci kaɗai ba ya faɗa maka. Tayar ta zama mai alamar C ko CP, lambar nauyinta kar ta gaza na ƙafafun motar, misali 109 kilo 1,030 take ɗauka, 116 kuma 1,250. In ta hannu ce duba lambobi 4 na ƙarshen rubutun DOT da ke gefen tayar, sati ne da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin sati na 23 a 2019, wadda ta doshi shekara 10 ko zanenta sabo fil ne ka bar ta. In rim ɗin motarka na alminiyam ne safayar kuma ta ƙarfe, tabbatar notunan sun dace da duka biyun.

Jak ɗin da ke zuwa da motar yana wahala da mota cike da kaya, nemi jak mai aiki da mai wanda ya kai tan 4 ko 5 amma gajere da zai shiga ƙarƙashi in taya ta kwanta, da ɗan katako mai kauri na ɗora shi a ƙasa mai laushi, da doguwar sifana. Ƙafafun nan na baya da ake saukewa a sansani ba na ɗaga mota ba ne, kar a gwada. Ɗaurin noti a ƙaramin shasi Nm 160 ne a sifanar awo, Maxi 180, ka tabbatar a littafin motar, bayan tafiyar kilomita 50 ka tsaya ka sake bin su. Kuma ka gwada canjin gaba ɗaya a ƙofar gida kafin tafiyar, uwargida ma ta tsaya ta ga yadda ake yi. In ka leƙa ƙasan motar ka kuma auna ta, turo min abin da sikelin ya nuna na baya mu yi lissafin tare.