Shagon tace bidiyo na bayan kasuwar Kasala, inda muka kai waƙarmu ta ɗalibai

Tun ranar da muka saki bidiyon nan mutum ya fi goma da ya biyo ni WhatsApp yana tambayar wa ya tace mana, kuma ko zan ba da shawarar a je wajensa. Amsa ɗaya-ɗaya ta ishe ni, shi ya sa na zauna in rubuta yadda muka yi da shagon, da daɗinsa da ɗacinsa.

Mu biyar ne, duka ɗaliban da yaƙin 15 ga Afrilu 2023 ya koro daga Hartum. Ni ina aji uku a lokacin. Azumi saura 'yan kwanaki ya ƙare, na kulle ɗakina na makaranta da littattafaina a ciki, na jefa makullin a jaka, a zatona bayan sallah zan koma. Yau ga mu a Kasala da ke gabashin Sudan, gidan kakarmu. Ɗan kawuna shi ya rubuta waƙar, baitocin da Hausa, amshin da Larabci, a kan littattafan da muka baro. Muryar mun riga mun naɗe ta a ɗaki, mun toshe taga da barguna. Abin da ya rage shi ne hoto, kuma a cikinmu babu wanda ya taɓa yin abin da ya wuce ɗaukar biki da waya.

Shagon ɗaki ɗaya ne a wani lungu bayan babbar kasuwa, tsakanin tela da mai gyaran waya, ko allo babu a ƙofa. Mai shi Bahaushe ne haifaffen Umdurman, can yake ɗaukar bukukuwan aure kafin yaƙi. Ya ce mana kwamfutar da ke kan teburin a cikin laffayar matarsa ya naɗo ta har Kasala. Ustaz muke ce masa, ni kuma yana ce mini ƙanwata.

Ranar farko mun je da zumuɗin maganar kyamara, shi kuwa ko kallon wayoyinmu bai yi ba. Takarda ya miƙo mini ya ce in rubuta waƙar baiti-baiti, a gaban kowane baiti in sa wa za a gani, a ina, da wane lokaci, yana yin me. Da na gama ya ƙirga, hotuna tara kacal na kawo. Ya ce, “Ƙanwata, waƙarku minti 3 ce da sakan 40. In kowane hoto zai zauna sakan huɗu a allo, hoto 55 kike nema. Tara ɗin nan kafin a kai amshin farko sun ƙare.” Awa biyu muka yi a kan takardar nan, mai gahawa ta kawo jabana, wato butar gahawa, har sau biyu. Wannan zaman bai karɓi ko sisi a kansa ba, kuma a ganina shi ne ya fi komai amfani a duk abin da muka samu a shagon, in ka ɗebe abin da zan faɗa a kan masu kallo.

A nan ne ma ya hana mu abu uku. Mun so mu ɗauka a tsohon masallacin Khatmiyya da ke gindin duwatsun Taka, saboda ginshiƙan nan nasa na jan bulo da babu rufi a kansu. Ya ce a'a, kabarin Sayyid Hasan al-Mirgani yana wurin, mutane ziyara suke zuwa, ba wurin kunna kiɗa ba ne. Ya ce kada wanda ya kuskura ya nuna gadar kogin Gash da waya, ko wani shingen jami'an tsaro. Maganar ƙaramin jirgin ɗaukar hoto daga sama kuwa, cewa ya yi mu cire ta daga ranmu a wannan zamani. Ban ji daɗi ba a lokacin, amma gaskiyarsa ce.

Ɗaukar kwana uku muka yi da wayoyi biyu. Ranar farko kaɗai ya bi mu, ya nuna mana hanya ya bar mu. Kafin kowace ɗauka a kunna waƙar a ƙaramar sifika, mutum ɗaya ya tafa a gaban kyamara, da wannan tafin zai daidaita baki da murya a kwamfuta. Waya a kwance, ba a tsaye ba. Ya shiga saitin wayoyin ya mayar da su firam 25 a sakan, wato yawan hotunan da kyamara ke ɗauka a kowane sakan, maimakon 30 da suka zo da shi, ya ce wutar lantarkin Sudan bugu 50 take yi a sakan, in ka ɗauka da 30 a ƙarƙashin ƙwan lantarki za ka ga hoton yana ƙyaftawa ko baƙaƙen layuka suna gangarowa. Lokaci kuma daga bayan asuba zuwa hantsi, sai bayan la'asar. Wanda ya san Totil, ɗaya daga cikin duwatsun Taka, ya san dalili: da tsakar rana dutsen fari fat yake zama a hoto, waya ta yi zafi ta kashe kanta, amma da la'asar sakaliya sai ya koma ja kamar garwashi. Mun ɗauka a wajen rijiyar nan da ake cewa wanda ya sha ruwanta sai ya dawo Kasala, birai suna leƙenmu daga kan duwatsu. Mun ɗauka a cikin Gash, wanda a watan Janairu yashi ne zalla, tun da ruwansa daga Eritiriya yake saukowa da damina kaɗai. Sauran kuma a lambunan bakin Gash da ake kira sawagi, da tsakar gidan kaka.

To, ga abin da ya sa nake rubutun nan. Bayan kwana biyar ya kira ya ce haɗin farko ya fito, babu gyaran launi babu ado. Ya ce in kawo mutum takwas waɗanda ba su san komai a kan aikin ba, kuma kada su zama ƙawayena duka. Na kawo maƙwabta biyu, da wani malamin firamare, da ƙannen ƙawata, da telan da ke kusa da shagon. Ya jera su a benci. Shi bai zauna cikinmu ba, kujerarsa ya ja gefen allon ya juya wa bidiyon baya, yana fuskantar mutane, littafi a cinya, agogon waya a hannu. Kafin a fara ya raɗa mini, “Kada ki tambayi kowa ko ya yi kyau. Mutanenmu suna da kara, ba wanda zai kalli idonki ya ce abinki bai yi ba.”

Haka kuwa aka yi. Ana gamawa kowa ya ce ma sha Allah, tamam, Allah ya ƙara basira. Da suka lafa sai ya nuna mini littafin. Duk inda wani ya zaro waya, ko ya waiga ƙofa, ko ya raɗa wa na kusa da shi magana, ya rubuta minti da sakan. Tsakanin 1:10 da 1:35 akwai alama biyar a jere. Wurin nan kuwa shi ne tafiyar ɗan kawuna a cikin yashin Gash, hoton da na fi so, wanda muka fito dominsa tun duhu, muka maimaita sau bakwai. Na yi musu sosai, har muryata ta fara rawa. Bai ɗaga murya ba, ya ce, “Ke wahalar da kika sha kike gani a ciki. Su yaro kawai suke gani yana tafiya.” Sakan 25 ɗin nan suka koma takwas.

Sannan ya yi wa baƙin tambayoyi biyu kacal, ɗaya bayan ɗaya a bakin ƙofa don kada wani ya ari bakin wani: me yaron nan ya rasa, kuma wane hoto ne ya tsaya maka a rai? Mutum uku cikin takwas suka ce budurwa ce ta guje shi. Jikina ya yi sanyi. Ashe littafi bai fito a allo ba sai bayan minti biyu, mu da muka haddace waƙar ba mu lura ba. Ustaz ya tambaye ni ko akwai wani abu da muka fito da shi daga makaranta. Na buɗe jaka na ciro makullin ɗakina, yana nan da jan zaren da na ɗaura masa da lambar ɗakin a jikin ɗan ƙarfe, gefensa ya fara tsatsa. Washegari muka ɗauki hannu kawai yana juya makullin a kan littafi buɗaɗɗe, sakan huɗu. Shi ne yanzu farkon bidiyon, kuma tun daga nan ba wanda ya sake kawo zancen budurwa.

Kallo na biyu a gida muka yi, don ya ce duk wanda fuskarsa ta fito sai ya gani kafin duniya ta gani. Kaka ta kalla shiru har aka zo inda jikanta ke miƙa mata kofin shayi, sai ta ce a tsaya. “Wannan da hagu yake ba ni? Ni ban haifi mai miƙa wa babba abu da hagu ba.” Ɗan kawuna ya rantse da dama ya miƙa. Duk su biyun suna da gaskiya: Ustaz ne ya juya hoton kamar a madubi don yaron ya ci gaba da fuskantar ɓangare ɗaya da hoton da ya gabata, dabara ce da masu tacewa ke yi kullum, sai dama ta koma hagu. Da na kai masa saƙon bai kare kansa ba. Ya mayar da hoton yadda yake, ya saka hoton murhu a tsakani don kada ido ya yi tuntuɓe, ya ce in gaida Hajiya in ba ta haƙuri. Ƙa'idarsa ita ce in mutum ɗaya ya yi ƙorafi a rubuta a ajiye, in uku suka yi a gyara, kuma da ita ya ƙi bin wani abokinmu mai son a cika bidiyon da walƙiya da juye-juye irin na TikTok. Amma maganar kaka bai jira ta biyu ba.

Kallo na uku a ƙaramar waya aka yi, a bakin titi cikin ƙarar raksha, wato babur mai ƙafa uku, don a nan yawancin mutane za su gani. Nan muka gane ganga ta danne amshi, rubutun ƙasan allo kuma ya yi ƙanana.

Yanzu sai abin da ya ɓata mini rai, kuma ba ƙarami ba ne. Kwana goma ya yi mana alkawari, sai da muka yi 24. Wani ɓangare laifin wuta ne, don solarsa fanka da cajin waya take ɗauka, ba ta riƙe kwamfuta da nisa. Amma na gani da idona aikin biki biyu da suka zo bayanmu sun riga mu fita. In ya shiga aiki kuma ba ya ɗaga waya, sai dai ka tako.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne hotunan sawagi. Ya goge memori ɗaya kafin ya kwafe shi wuri na biyu, rabin aikin yini guda ya tafi, har da hoton ruwa yana bin kwari tsakanin bishiyoyin mangwaro. Kuskure kowa yana yi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne shirun da ya yi, sai da na tambayi inda hoton yake sannan ya faɗa. Ya ba da haƙuri, ya rage mana kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ba tare da mun roƙa ba, amma da ya faɗa da wuri da mun koma mun sake ɗauka.

Akwai kuma maganar launi. Hannunsa ya saba da amare, sai ya haske mana fata har ɗan kawuna ya koma kamar ba shi ba. Na ce ya mayar mana da fatarmu yadda Allah ya yi ta. Ya mayar, amma sai da na faɗa sau biyu. Rubutun Hausa ma ya ba mu aiki. Kamar yawancinmu a nan, Hausa a baki yake da ita, karatunsa da Larabci ya yi, kuma salon haruffan da ke kwamfutarsa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, akwatuna ne ke fitowa a gurbinsu. Ya ce a sa k da d da b kawai a wuce. Na nuna masa baitin da ke cewa mun zama baƙi, na ce in ka cire lanƙwasar nan mun zama baki ke nan. Muka sauke salon Noto Sans, wanda kyauta ne kuma yana da su duka, na zauna kusa da shi na duba kowane layi. Wanda zai kai aikin Hausa ya shirya yin haka da kansa.

Kuɗi rabi ake ba shi kafin a fara, rabi in an gama, ta manhajar banki ta Bankak ko a hannu. Ba zan rubuta adadi ba, don yadda fam ɗin Sudan ke sauka, farashin Janairu ba zai yi wa kowa amfani yau ba. Abin da zan ce shi ne mu biyar muka yi karo-karo muka iya biya ba tare da cin bashi ba. Da manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve yake aiki, nau'in da ake saukewa kyauta, kuma ya bar ƙaramin cikinmu ya zauna gefensa yana kallo har ya koyi yanka da haɗawa. A ƙarshe kwafi uku ya ba mu: babba mai 1080 na YouTube, gajere a tsaye na ƙasa da minti ɗaya, da mara nauyi na WhatsApp, tare da gargaɗin mu riƙa tura babban a matsayin fayil don kada manhajar ta matse shi ya dusashe.

Mai gaggawa, wanda ranar bikinsa ko ranar miƙa aikin makaranta ta matso, kada ya je, zai sha takaici. Wanda kuma ba ya son a taɓa masa abin da ya ɗauka, shi ma ba wurinsa ba ne. Amma ɗalibi irinmu da ke son ya koyi aikin, ya je, ya tafi da memorinsa biyu, ya kwafe komai a gida kafin ya miƙa.

Mu dai ranar Asabar za mu koma da waƙa ta biyu, wadda ƙawata ta rubuta. Na riga na cika takardar, hoto 61 ne wannan karon, kuma a ƙasanta na rubuta ranar karɓar aiki da wurin da zai sa hannu.