Wane jerin labaran sihiri za ka saya, in kai mai sa taurarin labari a rai ne?

Masu karanta ƙagaggun labaran sihiri kashi biyu ne. Akwai wanda damuwarsa ita ce yadda sihirin yake aiki, wa ya fi wa ƙarfi, wane mayaƙi zai kayar da wane dodo. Akwai kuma wanda in ya rufe littafi da dare barci ke gagararsa, domin ya baro wani yaro da ba a taɓa haifa ba a cikin kurkuku, ba mai jin kukansa. Da wannan na biyun nake magana. Shi ya fi buƙatar shawara kafin ya fitar da kuɗinsa, domin in ya sayi jerin littattafai tamkar ya ɗauko wa kansa wasu dangi ne, waɗanda zai yi watanni yana tambayar lafiyarsu.

Tambayar da nake fara yi wa kowane jeri ita ce ko an gama rubuta shi. Patrick Rothfuss ya fitar da The Name of the Wind a 2007, na biyu a 2011, sannan shekaru fiye da goma suka shuɗe na uku bai fito ba. George R. R. Martin ya fara A Song of Ice and Fire a 1996, littafi na biyar ya fito a 2011, daga nan sai jira. Dukansu gwanayen alƙalami ne, ba mai musu. Amma alkawari kaya ne, kuma mai saurin shaƙuwa da taurarin labari bai kamata ya miƙa zuciyarsa ga labarin da ba a san ranar ƙarewarsa ba. Na fitar da su biyun daga lissafi tun a nan.

The Wheel of Time na Robert Jordan an kammala shi, duk da marubucin ya rasu a 2007. Brandon Sanderson ya ƙarasa ukun ƙarshe daga bayanan da ya bari, na goma sha huɗu ya fito a 2013. Matsalarsa yawan jama'a. Sunaye sun haura dubu, sai ka yi ɗaruruwan shafuka ba ka sake haɗuwa da wanda kake so ba. Mistborn na Sanderson ɗin kansa, ukun farko daga 2006 zuwa 2008, inda masu sihiri ke haɗiyar ƙarfe su ƙona shi a cikinsu, ya dace da mutanen kashi na farko. Tsarin sihirin a fayyace yake, faɗan yana da daɗi, amma ban taɓa rasa barci a kan Vin, tauraruwar labarin, ba.

Wanda nake cewa a saya shi ne The Realm of the Elderlings na Robin Hobb, marubuciya 'yar Amurka. Littattafai 16 ne, an fara da Assassin's Apprentice a 1995, aka rufe da Assassin's Fate a 2017. An gama, an kulle, ba sauran jira.

Labarin ya fara da yaro ɗan shekara shida, Fitz, da kakansa na wajen uwa ya kawo ya ajiye a ƙofar sansanin soja, ya ce ɗan gaba da fatiha ne na yarima mai jiran gado, ubansa ya ci gaba da ciyar da shi. Yariman ya sauka daga jiran gado saboda abin kunyar, kuma bai taɓa zama da ɗan nasa ba. Aka damƙa yaron a hannun Burrich, mai kula da dawaki da karnukan yarima, mutum mai kaushin hali wanda bai iya nuna ƙauna ba sai ta hanyar tsawa da horo. Daga baya sarki Shrewd, kakansa na wajen uba, ya ga yaron zai yi amfani, ya sa wani tsoho mai suna Chade ya riƙa koya masa kisan ɓoye da dare. Ka ga ke nan tun yana ƙarami kowa na son wani abu a wurinsa.

Sihiri iri biyu yake ɗauke da su, kuma a nan Hobb ta yi wa sauran fintinkau. Na farko, Skill, gadon gidan sarauta ne, mutum ya yi magana da wani zuciya da zuciya daga nesa, amma yana da jaraba, mai yinsa yakan so ya narke a cikinsa har ya manta da jikinsa. Na biyu, Wit, shaƙuwa ce da dabba har ka ji abin da take ji, kuma a ƙasar ana ƙyamarsa, wanda aka kama da shi rataye shi ake yi a ƙone gawar. Dukansu biyun hanyoyi ne na kusantar wani rai. Saboda haka duk lokacin da aka yi sihiri a littafin, wata dangantaka ce ke ƙulluwa ko take tsinkewa, kai kuma mai karatu kana tsakiya. A littafi na biyu Fitz ya sayi ɗan kyarkeci da ya gani a keji a kasuwa, da niyyar ya sake shi in ya yi ƙarfi. Sunansa Nighteyes. Ba zan ƙara komai a kansa ba, sai dai in ce manya masu furfura sun zubar da hawaye saboda wannan dabba, kuma ban ga laifinsu ba.

Sai wawan sarki, wanda kowa ke kira Fool, fari fat, mai magana a dunƙule, wanda abotarsa da Fitz ita ce igiyar da ta ɗaure jerin daga farko har ƙarshe. Fitz da bakinsa yake ba da labarin, don haka kana ganin kuskurensa tun kafin ya afka, kana cewa kar ka yi, ya yi. Zai ba ka haushi. Zai yi wa masu ƙaunarsa mummunar fahimta, ya guje su a lokacin da ya fi buƙatarsu. Kuma yana tsufa a gabanka: yaro, saurayi, magidanci mai tabo a fuska bayan shekara goma sha biyar na kaɗaici, har dattijo mai ciwon zuciyar iyaye. Wannan shi ne abin da yawancin jerin ba sa bayarwa. Raunin da ya ji a littafi na biyu yana nan yana damunsa a na tara.

Kashi biyar aka raba jerin. Farseer uku, Liveship Traders uku, Tawny Man uku, Rain Wild Chronicles huɗu, sai Fitz and the Fool uku. Za ka ji masu cewa a tsallake Liveship Traders tunda Fitz ba ya ciki. Kar ka saurare su. Labarin iyalin Vestrit ne, 'yan kasuwar teku masu jirgin ruwan da ke farkawa ya yi magana bayan mutum uku na zuriya ɗaya sun cika a kansa, kuma akwai wata yarinya, Malta, da za ka tsana a littafi na farko ka koma kare ta a na uku. Rain Wild ne mafi rauni, amma ƙarshen jerin ya dogara da shi. Gaskiya kuma a faɗe ta: Hobb ba ta sauri, Assassin's Quest yana da tafiyar da kamar ba za ta ƙare ba, akwai azabtarwa, akwai fyaɗe a Liveship Traders. Ba na yara ba ne.

In 16 sun yi maka yawa, Earthsea na Ursula K. Le Guin shi ne na biyu a wurina. Shida ne, gajeru, daga A Wizard of Earthsea a 1968 zuwa The Other Wind a 2001. Ged yaro ne mai baiwa da girman kai, wanda don ya nuna wa abokin hamayyarsa a makarantar sihiri ta tsibirin Roke, ya saki wata inuwa da ta riƙa farautarsa. Le Guin tana tsayawa nesa kaɗan da taurarinta a ukun farko, sai a Tehanu na 1990 ta matso, ka ga Tenar, tauraruwar littafi na biyu, ta zama bazawara mai rainon yarinyar da aka ƙona, Ged kuma ya dawo gida ba sauran sihiri a tare da shi. Wannan littafin shi kaɗai ya isa dalilin saye.

Harry Potter, bakwai daga 1997 zuwa 2007, ƙarfinsa shi ne yaran da suka fara shi sun girma tare da taurarinsa, shekara ɗaya ta makaranta a kowane littafi. Saya wa ɗan shekara goma sha ɗaya, zai gode maka. Babban da ya karance shi a jere ba zai samu wannan ba. Daevabad na S. A. Chakraborty, uku daga 2017 zuwa 2020, ya fara da Nahri 'yar damfara a Alƙahira wadda ta kira aljani ba da saninta ba. Akwai hatimin Annabi Sulaiman, akwai yarima Ali mai tsantsar riƙon addini, kuma an kammala shi. Akata Witch na Nnedi Okorafor, labarin Sunny zabiya a Najeriya, ya dace da matasa.

Yanzu ga abin da ya fi zaɓen kansa muhimmanci, wato kar a sayar maka da jabu. Na taɓa sayen kwali guda na littattafai uku daga wani mai sayarwa a intanet. Bangon kyan ɗan maciji. Na biyun farko lafiya lau, sai a na uku, daidai inda tauraron ke tsakanin rai da mutuwa, lambar shafi ta yi tsalle, wani sashe da na riga na karanta ya maimaitu, wanda ya kamata ya zo babu shi. Mai sayarwar ya daina amsa saƙo. Wanda ke karatu don faɗa kawai zai iya tsallakewa ya ci gaba. Mai shaƙuwa ba zai iya ba.

Littafi ana buga shi ne a manyan takardu a naɗe su sashe-sashe, galibi shafi 16 ko 32, don haka in masu satar fasaha suka yi kuskure, sashe guda ne ke ɓata ko ya maimaitu. Da littafi ya shigo hannunka, kafin ka karanta kalma ɗaya, bi lambobin shafukan da yatsa daga farko zuwa ƙarshe, musamman kashi na ƙarshe. Ɗaga shafi guda ga haske: in rubutun bayan yana ratsowa har ya hana karatu, akwai matsala. Duba taswirar da ke farkon littafi, domin a bugun jabu ita ce ke fara dusashewa, ƙananan sunayen garuruwa su cakuɗe. Buɗe tsakiya a hankali ka ga ko gam ɗin yana sakin takarda. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, tun 2007 lamba 13 ce, tana farawa da 978 ko 979. Ta bayan bango ta yi daidai da ta shafin haƙƙin mallaka, kuma in ka neme ta a intanet ta kai ka ga wannan littafin da wannan kamfanin ɗab'in. In daga nesa kake saye, ka ce a ɗauko maka hoton ainihin kwafin da za a aiko, gaba da baya da ciki, gani ya kori ji. Kwalin littattafai bakwai a kuɗin guda biyu, araha ba ta ado.

Jabun ba a takarda kaɗai yake ba. A 2002 an sayar da wani littafi a ƙasar Sin da sunan sabon Harry Potter, ashe The Hobbit na Tolkien ne aka fassara aka canza sunaye. Yau abin ya fi sauƙi ga mazambata. Fayil ɗin da ake yaɗawa a waya da sunan littafin da bai fito ba tukuna, ko dai rubutun wani masoyin jerin ne aka liƙa wa sunan marubuci, ko na'ura ce ta harhaɗa shi. Akwai kuma 'yan siraran littattafai na taƙaitawa masu bango mai kama da na asali, sunan marubucin da manyan baƙaƙe, kalmar da ke nuna taƙaitawa ce kuma a ɓoye a ƙasa. Duba yawan shafuka kafin ka biya. A littafin sauraro ka tabbatar cikakke ne, domin in aka gajarta, hirarrakin da ke sa ka ƙaunaci mutum su ake fara yankewa.

Wani ruɗanin kuma ba zamba ba ne, amma kuɗinka yake ci. Littafin farko na Harry Potter Philosopher's Stone ne a Ingila, Sorcerer's Stone a Amurka, abu ɗaya ne. Akata Witch ya fito a Najeriya da Ingila da sunan What Sunny Saw in the Flames. Kundin da aka rubuta wa The Earthsea Quartet huɗu ne kawai cikin shida. Cikakken shi ne The Books of Earthsea na 2018 mai zanen Charles Vess. Harry Potter and the Cursed Child na 2016, da ake tallatawa a matsayin labari na takwas, rubutun wasan kwaikwayo ne da Jack Thorne ya rubuta, ba littafin zube ba.

Ka kuma kiyayi masu ɓata labari. Kar ka rubuta sunan tauraro a wurin bincike na intanet, domin kafin ka gama rubutawa zai kawo maka tambayar yadda ya mutu. Kar ka buɗe shafukan da masoya ke tattara bayanan taurari, a saman shafi suke rubuta ko yana raye. Kar ka karanta bayan bangon littafi na huɗu alhali kana na biyu. In kwali guda ka saya, juya su ka ajiye inda idonka ba zai kai ba.

Kuma kar ka sayi 16 ɗin Hobb a tashi ɗaya don na yabe su. Sayi Assassin's Apprentice shi kaɗai, bugu na gaskiya, ka karanta har inda Burrich ya gano abin da ke tsakanin yaron da ɗan kwikwiyonsa Nosy, ba nisa daga farko. In abin da ya biyo baya bai taɓa ka ba, ajiye Hobb ka nemi Mistborn. In ya taɓa ka, sayi Royal Assassin da Assassin's Quest tare, domin ƙarshen na biyu ba wurin tsayawa jiran saƙo ba ne.