Gargaɗi ga mutanen Zariya kan mai sayar da "tafiyar jirgin ruwa" daga Ingila

Assalamu alaikum jama'a, musamman ƴan Samaru da Kongo da Sabon Gari. Na daɗe ina jan ƙafa kan rubuta wannan abu saboda kunya, amma jiya bayan la'asar a PZ na ji wata baiwar Allah tana gaya wa ƙawarta wai ta biya kashin farko na tafiyar kurus, wato yawon shaƙatawa a jirgin ruwa, har tana murna, shi ne na ce wallahi in na ci gaba da yin shiru to alhakinta har da ni a ciki.

Ina da abokai biyu da muka yi ABU tare tun shekarun 1990, ɗaya likita ne a Bamingham ɗaya kuma yana Landan da iyalinsa, rabona da su ido da ido ya fi shekara 20, kullum sai dai waya da bidiyo kol. Da na karɓi kuɗin sallamata sai muka yi shawara da Hajiya mu je mu gan su tun muna da sauran ƙarfi. Ana cikin haka aka saka ni a wani guruf na WhatsApp, kuma wanda ya saka ni mutumin kirki ne wanda muke sallah sahu ɗaya, shi ma cinye shi aka yi, don haka kada wanda ya zarge shi. Mai guruf ɗin ya ce shi ejan tafiye-tafiye ne, yana haɗa tafiya gaba ɗaya: jirgin sama daga Abuja zuwa Landan, kwana goma wurin ƴan uwa ko abokai, sai jirgin ƙasa zuwa Southampton, daga nan a hau ƙaton jirgin ruwan shaƙatawa a zaga Vigo da Cadiz a Sifaniya da Lizbon a Fotugal, a dawo. Naira miliyan 4 da rabi kowane mutum, har da biza, kuma a biya kashi uku kamar adashi.

Abin da ya sa na yarda, duk wuraren da ya lissafa na gaske ne. Southampton ita ce babbar tashar irin waɗannan jiragen a Ingila, hanyar ma ana bin ta. Yana da ofis mai kafet da na'urar sanyaya ɗaki, yana kirana Baba, yana durƙusa wa Hajiya, in aka kira sallah shi ne farkon tashi. Na biya sau biyu, miliyan 6 cif, kuma duk a asusun da ke ɗauke da sunan mutum ba sunan kamfani ba, da na yi magana ya ce wai asusun kamfanin na da matsala da banki a satin. Na karɓi wannan amsar.

Ya ba ni takardu masu kala har da hoton jirgin da lambar ɗakinmu, na ɗauki hotonsu na tura wa abokina na Bamingham don ya san ranar da zai tare mu. Ko minti goma ba a yi ba ya kira ni, ya ce "Malam, wa ya rubuta maka wannan?" Takardar ta ce za mu hau jirgin ƙasa daga tashar King's Cross zuwa Southampton. Ya ce jiragen King's Cross arewa suke yi, wajen York da Edinburgh, mai zuwa Southampton daga Landan a Waterloo yake hawa, tafiyar awa ɗaya da ƴan mintuna, kuma tunda a gidansa za mu yi kwanakin ƙarshe ma ba mu da buƙatar komawa Landan, akwai jirgi daga Bamingham kai tsaye. Sai ya tambaye ni zancen biza, na ce ai ejan ya ce ta Ingila ta wadatar tunda daga can jirgin zai tashi kuma a cikin jirgi za mu riƙa kwana. Ya yi salati.

Dan Allah ku karanta nan da kyau domin da wannan ƙaryar yake kama mutane. Ingila ba ta cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza guda ɗaya, Sifaniya da Fotugal kuma suna ciki. Mai fasfo ɗin Najeriya da zai hau jirgin da zai tsaya a tashoshinsu sai ya riƙe biza biyu, ta Ingila daban ta Shengen daban, kuma ko ka rantse ba za ka sauka daga jirgin ba kamfanonin nan ba sa barin ka hau in takardunka ba su cika ba, a bakin tasha za a juya ka kuma kuɗinka ya tafi. Ta Shengen ɗin ma daga nan gida ake nemanta kafin a tashi, ba wai ka isa Landan a matsayin baƙo ka ce za ka nema a can ba, kuma sai da inshorar lafiya wadda ta kai Yuro 30,000. Ta Ingila kuwa a intanet ake cikewa a shafin gwamnatinsu, sannan kai da kanka za ka je Abuja ko Legas a ɗauki hoton yatsunka da fuskarka. Mu wata biyu fasfo ɗinmu na cikin durowar ejan ɗin, ba wanda ya kira mu ɗaukar yatsu, kullum maganarsa "akwai mutuminmu a ciki Baba, kwantar da hankalinka". Babu wani mutuminsu a ciki.

Tikitin jirgin saman ma haka. Abin da ya ba ni lamba ce mai harafi shida, kuma ranar da ya ba ni ya buɗe shafin kamfanin jirgin a gabana na ga sunana da na Hajiya, hankalina ya kwanta. Ashe ejan na iya kama maka kujera ba tare da ya biya ko kobo ba, ta zauna kwana ɗaya ko ƴan kwanaki sannan ta goge da kanta. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13. Da ɗana ya sake dubawa bayan sati uku babu komai. Lambar ɗakin jirgin ruwan kuwa abokina ya kira kamfanin daga can, suka ce ba su da wani mai sunanmu a wannan tafiyar.

Na je ofis na sami ejan ɗin, bai ko ɗaga murya ba, ya ce kuskuren yaronsa ne a ba shi sati ɗaya. Fasfo dai na ƙwace a ranar, Alhamdulillahi. Da sati ya cika na tarar da kwaɗo a ƙofa, mai shagon kusa ya ce tun daren Laraba aka kwashe kujeru. Ni an cire ni daga guruf, amma guruf ɗin na nan, ya canza suna ya canza lamba, yanzu har da cewa abincin jirgin duk halal ne kuma akwai malamin da zai raka tawaga, saboda ya san abin da ke kwantar mana da hankali kenan. Ban ambaci sunansa a nan ba don lauya ya ce in bari sai an shigar da ƙara, amma duk wanda ke ciki ya gane wanda nake nufi.

Abin da ya fi ci min rai ba kuɗin ba ne kaɗai. Abokina na Landan ya ɗauki hutu a wurin aiki saboda mu, matarsa ta gyara ɗaki, Hajiya ta sayi kilishi da daddawa da kuka na tsaraba, ta gaya wa duk dangi har Tudun Wada da cikin birni. Yanzu in aka tambaye ta yaushe ne tafiya sai ta sunkuyar da kai.

In har kina cikin guruf ɗin nan Hajiya, ko kai Alhaji, kada a ƙara tura ko sisi, a je a karɓo fasfo yau. Wanda kuma ke son irin wannan tafiyar da wani ejan daban, ya nemi lambar rajistarsa ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ya duba da kansa, ya tambaya ko yana cikin ƙungiyar NANTA ta kamfanonin shirya tafiye-tafiye na Najeriya, ya biya a asusun kamfani, kuma kafin kashi na biyu ya sa wani nasa da ke can ya kira kamfanin jirgin ruwan ya ji ko da sunansa. Zuwa yanzu mu bakwai ne muka gano juna, akwai wata gwauruwa da ta sayar da filinta na Dakace. Ranar Litinin in sha Allahu za mu ofishin EFCC na Kaduna, duk wanda ya biya ya turo min saƙo ta inbos, ya haɗo rasit da alat na banki da hoton hirarsu ta WhatsApp, kada ya goge komai. Za mu tashi daga Kwangila ƙarfe 7 na safe.