Rubuta wasiyya ta intanet a Ingila: inda ta wadatar da inda sai an nemi lauya

A gida, duk wanda ya ce zai rubuta wasiyya a kan dukiyarsa, amsar da zai fara ji ita ce: ai Allah ya riga ya raba gado. Kuma gaskiya ne. Idan aka yi rasuwa a Katsina ko Kano, malami ko alƙali zai zauna ya ƙirga magada, a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya in akwai, sauran a raba yadda Suratun Nisa'i ta tsara. To a nan Ingila ba haka abin yake ba. Wanda ya rasu bai bar wasiyya a rubuce ba, dokar ƙasa ce za ta raba masa dukiya, kuma ba ta tambayar addininsa. Idan ya bar mata da 'ya'ya, matar ce za ta ɗauki kayan amfaninsa duka, da fam 322,000 na farko, da rabin abin da ya yi saura. 'Ya'ya su raba ɗaya rabin. Yawancinmu abin da muka mallaka bai kai wannan adadin ba, ke nan komai na matar ne. Mahaifiyar da ke gida, wadda Alƙur'ani ya yanka wa sudusi, ko sisi ba ta da shi. Wannan ne ya sa na daina ɗagawa, domin Hajiyata tana raye, kuma ba na son dokar da ba ta san ta ba ta cire ta daga gadona.

Na fara da tambayar lauyoyi a nan Birmingham. Wasiyya mai sauƙi, farashin da aka faɗa mini ya kama daga wajen fam 200 zuwa sama, kuma da na ambaci rabon gado na Musulunci sai kuɗin ya ƙaru. Na intanet kuwa ƙasa da fam 100 na biya. Abin da ya kamata mutum ya sani kafin ya zaɓa shi ne, a Ingila da Wels sana'ar rubuta wasiyya ba ta cikin ayyukan da doka ta keɓe wa lauyoyi. Kowa yana iya buɗe shafi ya ce yana yi. Saboda haka na gangara ƙasan shafin kowane kamfani ina duba ko yana ƙarƙashin hukumar SRA mai sa ido kan lauyoyi, da ko yana da inshorar da za ta biya magada in ya tafka kuskure. Waɗanda ba su faɗi komai a kan wannan ba na wuce su.

Manyan kamfanonin da ake tallatawa ko'ina suna da kyau ga wanda zai ce, kaza na matata, kaza na 'ya'yana, shi ke nan. Amma Musulmi ba ya iya rubuta kaso a ƙididdige tun yana raye, domin bai san wa zai riga wani ba. Yau da zan faɗi, a raba dukiyata gida 24: maiɗakina ta ɗauki tumuni, wato 3, Hajiya ta ɗauki sudusi, wato 4, sauran 17 na yara, namiji rabon mata biyu. Gobe in an ƙara haihuwa, ko wani cikinsu ya riga ni, lissafin ya canja. Don haka na koma kan masu rubuta wasiyyar Musulunci, waɗanda takardarsu ke cewa a tantance magada ranar rasuwa, tare da jadawalin yadda za a yi rabon.

Cike tambayoyin bai ɗauke ni fiye da zaman bayan isha'i ba, kuma a nan dole in yaba. Tambaya ɗaya a kowane shafi, da bayani a gefe cikin Turanci mai sauƙi. Sunanka, aurenka, 'ya'yanka, iyayenka da ke raye, 'yan uwanka na ciki ɗaya da na uba da na uwa. Sai wasiyyai, wato waɗanda za su tsaya su zartar da komai. Sai masu riƙon yaran da ba su kai shekara 18 ba idan iyaye biyu sun rasu. Wannan shafin ya fi kowanne tsayar da ni. Na kira maiɗakina na ce, "Maman Abba, zo ki ga wannan." Ta karanta, ta yi shiru, sannan ta ce, "Baban Abba, in ba mu rubuta ba, wa zai zaɓa musu?" Amsar ita ce kotu, tare da ma'aikatan kula da yara na ƙaramar hukuma. Mun daɗe muna jera sunaye muna gogewa kafin mu tsaya a kan ƙanwarta da ke zaune a Leicester, muka kira ta muka nemi yardarta kafin mu rubuta. Ko da wannan shafin kaɗai na biya wa kuɗin, ban yi asara ba.

Shafin sulusi ma an gina shi da sani. Ya ba ni damar ware abin da nake so ga wanda ba magaji ba, ko masallaci, ko makaranta, amma da jimillar ta nemi haura kashi ɗaya cikin uku sai ya ja layi. Haka kuma ya yi gargaɗi cewa ba a yi wa magaji wasiyya. Wannan shi ne hukuncin da muka sani tun daga hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsayar da shi a kan sulusi, ya kuma nuna masa cewa sulusin ma yana da yawa. Na ware wani abu ga marayun yayana da nake ɗaukar nauyin karatunsu, tunda da ɗana namiji a raye ba su da rabo a gadona.

Inda na fara jin rigar kanti ce ba ɗinkin tela ba, wajen mazhaba ne. Mafi yawan Musulmin Birtaniya asalinsu Fakistan da Indiya da Bangaladash ne, kuma jadawalin da aka ba ni a kan Hanafiyya aka gina shi. Mu kuwa Malikiyya muka tashi a kai. Ga mai mata da 'ya'ya da iyaye, babu bambanci. Amma akwai wuraren da ake rabuwa: misali idan mamaci ya bar kaka na wajen uba tare da 'yan uwa, Hanafiyya kakan yana kore su, Malikiyya kuwa tare suke ci. Babu inda shafin ya tambaye ni mazhabata. Sai da na rubuta musu, suka amsa cikin ladabi, suka ƙara sakin layi cewa a yi rabon bisa Malikiyya kuma wasiyyaina su nemi malamin da ya san ta. Sun gyara, amma wanda bai san ya tambaya ba haka zai sa hannu ya wuce.

Abu na biyu da bai yi mini daɗi ba shi ne talla a tsakiyar aiki. Ana cikin maganar mutuwa sai ga tayin kamfanin ya zama wasiyyinka, ba tare da an fito da kuɗin da zai yanka daga dukiyar marayu a fili ba. Sai ka bi wani ƙaramin rubutu kafin ka gani. Ga kuma kuɗin shekara-shekara na damar yin gyara, wanda zai ci gaba da fita daga katinka in ba ka kashe shi ba. Na ƙi tayin farko. Na naɗa maiɗakina da wani amini da muke masallaci ɗaya, domin doka ba ta hana magaji zama wasiyyi ba. Da farko na so sa ƙanena da ke Katsina, amma mutumin da zai yi ta kai da komo tsakanin banki da ofishin rabon gado gara ya kasance a ƙasar yake zaune.

Bayan wani ma'aikacinsu ya duba, sai suka turo takardar in buga. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, su ɗauka tunda sun biya kuma saƙo ya shigo, an gama. Ba a gama ba. Dokar wasiyya ta 1837 ita ke aiki har yau, kuma sashe na 9 ya ce sai an sa hannu a gaban shaidu biyu da ke wurin a lokaci guda, su ma su sa hannu a gabanka. Sassaucin shaida ta bidiyo da aka yi lokacin korona ya ƙare a ƙarshen Janairun 2024. Sashe na 15 kuma ya ce idan shaida, ko mijinta ko matarsa, yana cikin masu amfana, to rabonsa ya faɗi. Ke nan kada a ce matar gida ko babban ɗa su shaida don sun fi kusa. Ni maƙwabcina Bature na roƙa, tare da wani abokin aiki. Muka zauna a teburin falo da biro ɗaya, na sa hannu suna kallo, kowannensu ya rubuta sunansa da adireshinsa da sana'arsa. Takardar umarnin da kamfanin ya haɗo ta yi kyau ƙwarai. Har ta ja kunne kada a maƙala wa wasiyyar komai ko a cire ƙusar da ta haɗe shafukan, domin ofishin rabon gado yana iya zargin an zare wani shafi. Mazauna Sikotland su lura, dokarsu daban ce.

Yanzu ga abubuwan da takardar, komai kyanta, ba ta taɓawa, kuma su ne suka fi nauyi a dukiyar yawancinmu.

Na farko gida. Ma'aurata da yawa a nan suna sayen gida da irin mallakar haɗakar da idan ɗaya ya rasu, mai rai ke cinye gidan gaba ɗaya kai tsaye. Irin wannan gidan ba ya shiga cikin wasiyya sam, ko me ka rubuta. In kana son kasonka ya bi rabon shari'a, sai an mayar da shi mallakar da kowa ke da nasa kason, a sanar da ofishin rajistar filaye. Shafin ya ambaci wannan a layi biyu, alhali shi ne babbar magana. Kuma magana ce da sai an zauna da uwargida an fahimci juna, domin tambayarta halal ce: idan an raba, ita da yara ina za su zauna? Mun tattauna wannan fiye da komai. Wata dokar gado ta Ingila ta 1975 ma ta ba mata, da duk wanda mamaci ke ciyarwa, damar zuwa kotu idan suna ganin ba a bar musu abin da ya dace ba, kuma alƙalin Ingila ba zai ɗaure kansa da tumuni ba. Wasiyyar da aka rubuta a ɓoye wa mace, rigima aka ajiye wa iyali.

Na biyu fansho da inshorar rai ta wurin aiki. Galibinsu ba sa bin wasiyya. Takardar da ka cike a wurin aiki ta wanda kake so a biya, ita ake dubawa. Sai ka koma can ka daidaita.

Na uku aure. Wanda aka ɗaura a gida Najeriya bisa dokar can, a ƙa'ida Ingila tana karɓarsa. Amma wanda aka ɗaura a nan, a falo ko a masallacin da ba a yi wa rajistar aure ba, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a shari'ar Akhter da Khan a 2020 cewa doka ba ta ɗauke shi aure ba. Irin wannan matar, in babu wasiyya, ba ta da gado kai tsaye. Sannan ga wani tarko: yin aure na doka yana soke wasiyyar da aka rubuta kafinsa, sai in an faɗa a cikinta cewa don wannan auren aka yi ta. Wanda ya rubuta wasiyya bana, ya je ya yi rajistar aurensa baɗi, to sai ya sake sabuwa.

Haraji kuwa, wanda dukiyarsa ba ta haura fam 325,000 ba, babu ruwansa da shi, kuma akwai ƙarin rangwame har fam 175,000 idan gidan zama ya tafi ga 'ya'ya ko jikoki. Abin da ya haura ana cire masa kashi 40 cikin ɗari. Abin da aka bar wa mata ko miji a ƙa'ida ba a cire masa haraji, amma rabon shari'a yana kai mafi yawan dukiya ga 'ya'ya da iyaye ne. Saboda haka mai gida a Landan, ko mai gidajen haya, ko mai kamfani, ko mai mata fiye da ɗaya, ko mai 'ya'ya daga aure daban-daban, shawarata ya biya lauyan da ya san fannin nan. A irin wannan hali araha ba ta ado.

Bashi da amana ban sa su cikin wasiyyar ba, domin da zarar kotu ta ba da izinin rabon gado, wasiyya ta zama takardar da kowa zai iya nema ya karanta. Na rubuta su a wata takarda daban: wanda nake bi, wanda ke bi na, zubin adashi, da kuɗin da wani ɗan garinmu ya ba ni ajiya. Haka ma maganar jana'iza. Akwai shafinta, na kuma cike cewa a yi mini wanka da salla a binne ni ba tare da jinkiri ba, amma wannan buri ne da doka ba ta tilasta wa kowa, kuma sau da yawa sai an dawo daga maƙabarta ake buɗe wasiyya. Da baki na faɗa wa iyalina da limaminmu.

Saura filin da nake da shi a Katsina. Ƙasa da gini dokar inda suke ce ke hukunta su, kuma a can kotun shari'a za ta raba shi yadda ya kamata. Abin da na kula da shi shi ne jimlar farko ta takardar, wadda ta ce ta soke duk wata wasiyya da na taɓa yi kuma ta shafi dukiyata a ko'ina cikin duniya. Na sa suka taƙaita ta ga abin da na mallaka a Ingila da Wels kaɗai, don kada takardar nan da wadda zan rubuta a gida su soke juna. In Allah ya kai ni hutun bana, zan zauna da lauya a Katsina tare da ƙanena a rubuta ta can, a haɗa da takardun filin, a kuma faɗa wa Hajiya inda aka ajiye su.