Tiyatar gyaran hanci a ƙasar waje: Turkiyya, Masar, Indiya ko Koriya?

Kafin a kai ga zaɓen ƙasa, sai a fara duba hancin da za a kai musu. Yawancin likitocin da suka yi suna a gyaran hanci, a kan ragi suka ƙware. Hancin Bature, na Balarabe da na mutumin Iran galibi yana da tozo a kara, na Bature kuma fatarsa siririya ce, guringuntsinsa mai ƙarfi. A goge tozon, a matse ƙashi, a ɗan ɗaga tsini, aiki ya ƙare. Hancin akasarin mutanenmu kuwa gini yake buƙata. Karansa a kwance yake, ƙashinsa gajere, fatar tsinin tana da kauri da maiƙo, guringuntsin da ke riƙe da tsinin mai laushi ne, ƙofofin kuma suna da faɗi. Idan likitan da ya saba ragi ya yi wa irin wannan hanci ragi, fata mai kauri ba za ta koma ta lafe a jikin abin da ya rage ba. Sai naman tabo ya cike gurbin, bayan shekara guda hancin ya fito dunƙule kamar curin fura, wani lokaci har da toshewar numfashi. Akwai masu hancin Fulani ko na Buzaye da aikinsu ya fi kusa da na farkon, amma su ma kaurin fata ne ke yanke hukunci.

Da wannan ma'auni, Turkiyya ce a gaba, musamman Istanbul, kuma dalilin ya wuce arha. Likitocin garin suna yin wannan tiyata kullum, marasa lafiyarsu kuma daga ko'ina suke zuwa: Turai, ƙasashen Larabawa, Afirka, da baƙaƙen fata mazauna Ingila da Faransa. Yawan aiki a kan hanci iri-iri shi ne ke gyara hannun likita. Ko dabarar nan ta yayyanka guringuntsi ƙanana-ƙanana a naɗe shi a shimfiɗa a kan karan hanci don a ɗaga shi, wani likitan Istanbul ne, Farfesa Onur Erol, ya yaɗa ta a rubutun da ya fitar a shekarar 2000. Daga baya wasu suka inganta ta da naɗe guringuntsin a cikin tantanin da ake ɗebowa daga gefen kan majiyyaci. Wannan dabara ce da hanci mai kwantaccen kara ke yawan buƙata.

Guringuntsin ginin wurare uku ake samo shi. Na farko shi ne bangon da ya raba ƙofofin hanci biyu, sai dai a hancinmu yakan zo ɗan kaɗan, kuma dole a bar aƙalla santimita 1 ta sama da ta gaba don kada hancin ya rufta. Na biyu kunne, wanda lanƙwasasshe ne, ya fi dacewa da cike gurbi fiye da zama ginshiƙi. Na uku haƙarƙari, galibi na 6 ko na 7, ta yanka mai tsawon santimita 2 zuwa 4 a ƙasan ƙirji. Shi ne mai yawa da ƙarfi, amma yana iya lanƙwashewa daga baya idan ba a sassaƙe shi da kyau ba, wurin yankan kuma yakan fi hancin kansa ciwo a makon farko. Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye: ƙirji da kunne suna cikin wuraren da tabo ya fi kumburowa ya yi tudu a fatar baƙar fata. Duk wanda hujin kunne ko tsohon rauni ya taɓa yi masa irin wannan tudun, ya faɗa wa likita tun kafin a sa rana.

Abu na biyu da ya ɗaga Turkiyya shi ne akwai takardar da za a iya bincika. Tun shekarar 2017 dokar ƙasar ta wajabta wa duk asibitin da ke karɓar majiyyata daga waje, da duk kamfanin da ke shiga tsakani, mallakar takardar izini daga Ma'aikatar Lafiya, kuma ma'aikatar tana wallafa sunayen waɗanda suka samu. Likitoci iri biyu ne ke da hurumin wannan aiki: ƙwararren tiyatar gyaran jiki, da ƙwararren kunne da hanci da maƙogwaro, wanda suke rubuta wa KBB. A gaban sunan za ka ga laƙabin ƙwarewarsa: Op. Dr., ko Doç. Dr., ko Prof. Dr. Wanda ke kiran kansa likitan "medikal estetik" kawai, na allura ne da gyaran fata, ba shi da hurumin riƙe wuƙa. Tafiyar ma ba ta da wahala, domin jirgin Turkish Airlines yana tashi kai tsaye daga Abuja da Legas, tafiyar kimanin awa 6 zuwa 7. Wannan yana da muhimmanci, saboda mai gyaran hanci yakan so komawa a duba shi bayan wasu watanni. Kuɗin aikin a wurin likita na ƙwarai galibi yana tsakanin dala 3,000 zuwa 6,000, ya ƙaru idan za a ɗebo haƙarƙari ko kuwa gyara ne karo na biyu.

Sauran ƙasashen ba sa buƙatar dogon bayani. Iran tana da arha da ƙwararrun hannu, amma salonta na ragi ne da ɗan ƙaramin hanci mai ɗagaggen tsini, katin banki na waje ba ya aiki a can saboda takunkumi, ga kuma rufe sararin samaniya da kan faru ba shiri. Koriya ta Kudu ta san ɗaga kwantaccen kara, sai dai a unguwar Gangnam ta birnin Seoul abin da aka fi amfani da shi robar silikon ce, wadda kan iya kamuwa da ƙwayar cuta, ta goce, ko ta taƙure hancin bayan shekaru. Ga nisa ga tsada. Dubai kuɗin gini da kwalliyar ofis za ka biya. Masar tana kusa, jirgin EgyptAir yana zuwa Kano, mutanenmu sun san Alƙahira, amma bambancin da ke tsakanin likita da likita yana da faɗi, dillalai kuma sun yi wa harkar katutu. Indiya ta fi dacewa da wanda matsalarsa ta numfashi ce, ko karaya, ko gyaran tsagaggen leɓe da ya shafi hanci. Brazil za ta iya ja da Turkiyya a sanin fatar baƙar fata, don ita ce ƙasar da ta fi yawan jikokin 'yan Afirka a wajen nahiyar, amma nisa da harshen Fotugis sun sa komawa duba aiki ya zama jidali. Amurka na da gwanaye, kuɗin kan wuce dala 10,000, biza kuma sai wanda ya gani.

To, inda kasuwa ta cika, nan ɓarayi ke taruwa, kuma Istanbul ɗin da ake yabo tana cike da 'yan damfara a wannan harka. Har gwamnatin Birtaniya sai da ta gargaɗi 'yan ƙasarta a kan mace-macen da suka biyo bayan tiyata a can. Yawancin shafukan Instagram da TikTok da ke tallan "cikakken shiri" da otal da motar ɗauka daga filin jirgi ba asibitoci ba ne. Ofishin dillalai ne, masu karɓar kuɗinka su miƙa ka ga duk likitan da ya fi sauƙin farashi a wannan makon. Alamar farko: ka tambayi sunan likitan, a ce maka "ƙungiyar ƙwararrunmu". Daga nan ka tattara. Dole ka san cikakken sunansa, ka gan shi a jerin ƙungiyar likitocin tiyatar gyaran jiki ta Turkiyya ko ta likitocin kunne da hanci, ka kuma yi magana da shi ta bidiyo, shi da kansa, yana kallon hancinka ta gaba, ta gefe da ta ƙasa. Wanda zai yanke maka farashi daga hoto ɗaya a WhatsApp bai damu da abin da zai tarar a ciki ba.

Mafi muni shi ne musayar likita. Ka gaisa da babban likita, a sa maka maganin barci, wani daban ya yi aikin. Abin ya yi ƙamari a Koriya har aka kafa dokar sa kyamara a ɗakin tiyata, wadda ta fara aiki a watan Satumbar 2023. Don haka a rubuta a takardar yarjejeniya cewa wane ne zai yi aikin daga farko har ɗinkin ƙarshe, ka kuma tambayi tiyata nawa yake yi a rana. Ginin hanci da haƙarƙari yakan ci awa 4 ko fiye. Wanda ke yin biyar ko shida a yini, lissafin bai fita ba. Kada ka sa hannu a takardar da aka rubuta da Turkanci zalla a safiyar tiyata, kana sanye da rigar asibiti. Ka nemi a turo maka ita tun kana gida, cikin harshen da kake ji.

Hotunan "kafin da bayan" su ma tarko ne. Hoton da aka ɗauka a kan gadon tiyata ba shaida ba ne, kowane hanci yana da kyau a wannan lokaci. Ka nemi hotunan masu fata irin taka, aƙalla mutum goma, bayan shekara guda, har da wanda aka ɗauka ta ƙasa, don a nan ake ganin tabon rage faɗin ƙofa da ko ƙofofin sun daidaita. Idan aka yanke gefen hanci fiye da kima, babu mai iya mayar da shi. Ka lura da hoton da aka canza haske, ko aka shafe fata ta yi sumul babu ko ƙofar gashi. Sannan ka tambayi a wane asibiti za a yi, ko yana da sashen kulawa ta musamman, ko ƙwararren likitan sa barci zai tsaya har ƙarshe. Kafin alƙalami kada ya wuce ɗan kaso, kuma a asusun asibiti ko na kamfani mai izini, ba na wani mutum ba. Masu cewa za su ɗaga maka hanci da allura ko zare a shagon kwalliya kuwa, a guje su ko a wace ƙasa suke: allurar cike hanci idan ta shiga jijiyar jini tana kashe fata, tana kuma iya makantarwa.

Shirin gida yana da nasa nauyi. A yi gwajin jini, a san rukunin sikila, a kai wa likitan sa barci sakamakon. Mai cutar sikila ba ya shiga wannan tiyata sai da sa hannun likitan jininsa. A tabbatar babu zazzaɓin cizon sauro a jiki kafin a hau jirgi. Sigari da shisha a bar su aƙalla mako 4 kafin aiki da bayansa, domin suna hana jini isa fatar tsini. Asfirin da dangoginsa a dakatar da su bisa umarnin likita. Masu shafa man bilicin su faɗi gaskiya, saboda da yawansa na ɗauke da sinadarin da ke sirantar da fata ya hana rauni warkewa. Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta bambanta gyaran lahani ko matsalar numfashi da sauya halitta don ado kawai. Mutum ya tambayi malaminsa a kan nasa halin.

A ware kwana 8 zuwa 10 a can. Ana cire abin da aka ɗaure hancin da shi wajen kwana na 7, kuma bai kamata a hau jirgi kafin likita ya duba ba. Makonnin farko babu fyace majina da ƙarfi, babu shaƙa ruwa sosai a alwala, sujada ma sai a bi a hankali kada a danne hancin, tabarau kuma sai bayan mako 4 zuwa 6. Wanda zai dawo cikin hunturu ya riƙe ruwan gishirin fesawa, don ƙura da bushewar iska na jawo haɓo. Kumburi a fata mai kauri yakan ɗauki wata 18 zuwa shekara 2 kafin ya sauka gaba ɗaya, wani lokaci sai an yi wa saman tsinin allurar rage kumburi da naman tabo. Kusan mutum 5 zuwa 15 cikin 100 kan buƙaci gyara na biyu, ba a kuma yin sa kafin shekara ta cika, saboda haka a rubuta tun farko wa zai biya kuɗin asibiti da na sa barci idan hakan ta taso. Kafin ka bar Istanbul ka karɓi rahoton tiyatar a rubuce da Turanci, mai nuna inda aka ɗebo guringuntsi da abin da aka saka a ciki, ka kuma riga ka samu likitan kunne da hanci a asibitin koyarwa mafi kusa da kai, wanda zai duba ka idan zazzaɓi, mugunya ko jinin da ya ƙi tsayawa ya taso cikin dare.