Wasiƙa daga Houston: fanshon Amurka da harajin da ke bin sa har gida

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da iyali, da Hajiya da ƙarfin jikin nata. Na saurari saƙonka na murya, inda ka ce tunda na doshi shekara 62 in tattara in dawo Zariya, dala dubu ɗaya a gida ta fi ta Houston albarka. Gaskiyarka, ban musa ba. Sai dai lissafin ya fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto, don in ka karanta ka nuna wa masu cewa wane ya ƙi gida.

Fanshon nan kashi biyu ne ga yawancinmu. Akwai na gwamnatin tarayya, Social Security, wanda ake yankar kashi 6.2 cikin 100 na albashinka a zuba, mai aikinka ma ya zuba kwatankwacinsa, kuma sai ka yi aikin da ya kai kimanin shekara 10 kafin ka cancanta. Sannan akwai asusun da ake kira 401k, mai kama da tsarin da aka kawo muku a 2004, wanda tun gyaran 2014 ma'aikaci ke zuba kashi 8, mai aiki ya zuba kashi 10. Bambancin shi ne, ku dokar fansho ta cire haraji daga kuɗin ritayarku. Mu nan ɗaga ƙafa aka yi mana, ba yafewa ba. Kuɗin yana shiga asusu babu haraji, ranar da ka miƙa hannu za ka cira kuwa, hukumar haraji ta IRS tana tsaye.

In za a yabe su, a yabe su kan biya. Mazauna nan ana biyansu ranar Laraba ta biyu, ko ta uku, ko ta huɗu, gwargwadon ranar haihuwar mutum. Wanda ke zaune ƙasar waje ana tura masa ranar 3 ga wata. Babu ariyas, babu "ba a saki kuɗi ba tukuna". Kowace shekara ana duba tsadar rayuwa a ƙara wani abu: a 2023 an ƙara kashi 8.7, a 2025 kashi 2.5. Tantancewa ma suna yi, amma takarda ce ake aiko maka ta gidan waya ka cike ka sa hannu ka mayar, shaidar kana raye kuma halinka bai canja ba. Na tuna yadda ka ba ni labarin wunin da kuka yi a rana da fayil a hammata, har wani dattijo ya yanke jiki ya faɗi a layi. Nan ba a yin haka. Amma in takardar ta ɓace a hanya ba ka mayar ba, tsayar da kuɗin suke yi, kuma ka san yadda wasiƙa take isa unguwarmu.

Yanzu ga inda mutanen gida ba su gane ba. Kusan duk duniya, inda kake zaune nan kake biyan haraji. Amurka kuwa fasfo take bi. Muddin kai ɗan ƙasa ne, ko a Tudun Wada kake ko a Madina, kowace shekara sai ka bayyana mata duk abin da ka samu a duniya. Tun 1924 kotun ƙolinsu ta tabbatar da haka, a shari'ar wani Ba'amurke mazaunin Meziko da ya ce dukiyarsa a can take, me ya haɗa shi da Washington. Ya sha kaye. In ka cire Eritiriya, da wuya ka sami wata ƙasa mai wannan hali. Ni dai ranar da na ɗaga hannu na yi rantsuwar zama ɗan ƙasa na san da haka, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

A masallaci za ka ji ana cewa ai wanda ke zaune waje an yafe masa haraji har dala 130,000. Akwai wannan rangwame, adadin 2025 ke nan, amma na kuɗin gumi ne kawai, albashi ko ladan sana'ar da ka yi a can wajen. Fansho ba ya ciki, kuɗin 401k ba ya ciki, kuɗin haya da ribar hannun jari ma haka. Tsoho mai ritaya ba shi da rabo a wurin. Abin da ya rage masa shi ne, in ƙasar da ya koma ta caje shi haraji kan abin da ya samu a cikinta, misali hayar shaguna, ana rage masa wannan daga abin da Amurka za ta karɓa kan kuɗin.

Wasu ƙasashe suna da yarjejeniyar haraji da Amurka, wadda ke fayyace wa zai karɓi me. A duk Afirka huɗu ne: Masar, Maroko, Tunisiya da Afirka ta Kudu. Babu Najeriya, babu Nijar, babu Ghana. Abin ban haushi, Ba'amurken da ya tare a Alƙahira, Amurka ba ta taɓa kuɗinsa na Social Security, daidai da wanda ya koma Ingila ko Jamus ko Kanada. Ni da zan koma garin da aka binne cibiyata, babu wannan sassauci.

Kada ka tsorata, ga talaka harajin kansa ba shi da yawa. Bari in buga maka misali da mutum ɗaya mai shekara 67, ba shi da aure a takarda. A ce Social Security na ba shi dala 24,000 a shekara, ya kuma ciri dala 20,000 daga 401k. Ana ɗaukar rabin na farkon, 12,000, a haɗa da 20,000, ya zama 32,000. Iyakar da aka sa ita ce 25,000, don haka ya haura da 7,000, sai a ɗauki rabin wannan, 3,500, a ce shi ne abin da haraji zai hau daga Social Security ɗinsa. Jimlar abin lissafi ta zama 23,500. To a 2025 ana cire wa kowa 15,750 kafin a fara caji, mai shekara 65 a ƙara masa 2,000, ga kuma wata 6,000 da sabuwar doka ta ba tsofaffi daga 2025 zuwa 2028. Ka ga an cinye 23,500 ɗin, bai biya ko sisi ba. Amma dole ya cike takardu. Kuma tunda kuɗin 401k ɗin waje ake tura masa, ba shi da ikon cewa kada a yanki haraji tun daga tushe. Za a yanka, sai ya cike takardun shekara kafin a maido masa. Wannan iyaka ta 25,000 kuwa, da 32,000 ta ma'aurata, tun 1984 take nan ba a taɓa ɗaga ta ba, alhali komai ya ninka. Wanda wannan lissafin nasa ya haura 34,000, har kashi 85 na Social Security ɗinsa na iya shiga lissafin haraji.

Inda ake yi wa mutanenmu illa shi ne gini. Kowa so yake ya kwashe asusun gaba ɗaya ya aika a ɗora bene. Akwai wani bawan Allah ɗan zangon Kumasi da muke sallar Juma'a tare, yana ɗan shekara 52 ya bar aiki ya kwashe nasa kaf. Nan take aka riƙe kashi 20. Da lokacin cike takardu ya zo, aka ɗora masa tarar kashi 10 saboda bai kai shekara 59 da rabi ba, kuma tunda kuɗin shekara ashirin ya shigo a shekara guda, ya tsallaka daga matakin haraji na kashi 12 zuwa na sama. Ginin yana nan a linta, ana jiran kwano. Shi ya sa na ce maka filin nan na hanyar Jos a bi shi a hankali, ɗaki biyu bana, biyu baɗi. Barin kuɗin ma ba a yarda ka yi har abada ba, daga shekara 73, ko 75 ga wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama, dole ka riƙa cirar wani kaso duk shekara, don su sami nasu.

Mu masu fasfo da sauƙi. Ɗan uwa mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, da ya miƙa katinsa ya koma gida, kashi 30 ake yanka a kan kashi 85 na kuɗinsa na Social Security, wato 25.5 cikin 100, kuma babu wani rangwame. A dala 2,000 an zaftare 510 kowane wata. Tsofaffin da 'ya'yansu suka kawo, masu karɓar tallafin gajiyayyu na SSI, su kuma da zarar sun yi kwana 30 a waje an rufe famfo. Abu ɗaya mai daɗi da ya faru: a Janairun 2025 an soke dokar da ke rage wa mutum Social Security don yana karɓar wani fansho daga aikin da bai biya musu ba. Tsofaffin malamai da suka yi aikin gwamnati a gida kafin su zo sun numfasa.

Akwai wadda ta shafe ka kai tsaye. Duk ɗan Amurka da kuɗinsa a bankunan waje ya haura dala 10,000 a haɗe, ko da na wuni ɗaya ne, sai ya kai rahoto ga ma'aikatar kuɗi kowace shekara. Ba haraji ba ne, sanarwa ce kawai, amma tarar rashin yi tana iya haura dala 10,000 ko da mantuwa ce. Har asusun da ba naka ba, in dai sa hannunka na fitar da kuɗi, yana ciki. Saboda haka asusun gyaran masallacin unguwa da kuka ce a sa sunana don girmamawa, ku yi haƙuri ku bar ni a mai ba da gudummawa. Gudummawar ma, da abin da nake aika wa Hajiya duk wata, ba a rage mini ko kwabo a haraji saboda su. Masallacin da ke da rajista a nan ne kawai suka sani. Wanda kuma ya bari bashin haraji ya taru ya haura dala dubu sittin da 'yan kai, suna iya soke masa fasfon.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan maganar asibiti. Shekara da shekaru ana yankar kashi 1.45 na albashina don Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi da ke farawa a shekara 65. Haraji zai bi ni Zariya, Medicare ba zai bi ni ba, aikinsa ya ƙare a bakin iyaka. Ɓangaren kwanciya asibiti kyauta ne ga wanda ya cika shekarun aiki, amma ɓangaren ganin likita da gwaje-gwaje ana biya, dala 185 a wata a 2025, kuma daga fanshon ake cirewa. To sai mutum ya zaɓa. Ko ya ci gaba da biyan abin da ba zai mora ba sai ya hau jirgi, ko ya ajiye, in ciwo ya koro shi daga baya a ɗora masa ƙarin kashi 10 kan kowace shekarar da ya yi babu shi, har ƙarshen ransa. Ni da hawan jini da sukari, wannan ne ke hana ni barci, ba IRS ba.

In aka zo kan magani, nan kana da tabbacin abin da ke cikin kwalbar shi ne aka rubuta a jikinta, kuma in ka kira motar asibiti za ta zo. Amma ba mai sayar maka da ƙwayar hawan jini sai da takardar likita, likitan kuma sai ka jira makonni. Ku kuwa yaro za a aika kemis ya dawo kafin shayi ya huce, sai dai a yi addu'a ba jabu ba ne. Kaya nan ba su da tsada in an auna da albashi: shinkafa, kaza, man mota, tufafi. Hannun mutum ne ke da tsada. Mai gyaran famfo kafin ya taɓa komai ya caji kuɗin zuwa. Mai kula da tsoho da awa ake biyansa, kuma Medicare ba ya biyan dogon zama a gidan tsofaffi, sai mutum ya cinye abin da ya tara. Na je gaida wani dattijo a irin gidan nan. Ɗaki fes, gado mai maɓalli, talabijin na ta yi, abincinsa a rufe a gefe ya huce, babu wanda zai ce masa sannu da Hausa, balle a juya shi ya fuskanci alƙibla. Hajiya da ke cikin jikoki, ko wuta ta ɗauke kwana uku, ta fi shi gata nesa ba kusa ba.

Ta wajen jiha na yi sa'a. Texas ba ta karɓar harajin samu, kuma tun 1996 doka ta hana kowace jiha bin fanshon wanda ya bar ta. Sai dai abin da Texas ta bari ta nan tana kama shi a harajin gida, kusan kashi 2 cikin 100 na darajar gidan kowace shekara, ko ka gama biyan bashinsa ko ba ka gama ba. Don haka in na tashi, gidan sayarwa zan yi. Lambar wayata ta nan kuwa zan riƙe ta, domin bankuna ta nan suke turo lambar sirri, wasu kamfanonin ma in suka ga adireshin waje sai su taƙaita maka asusu.

Maganar in dawo bana, ga abin da ya tsayar da ni. In na fara karɓa a 62, za a rage kashi 30 har abada. Cikakken kuɗin sai a 67 ga duk wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama. Uwar yara na cewa a jira, ni ina ganin 65 ta isa in Allah ya kai mu, a riƙa yin rani a nan ana ganin likita, sauran watanni a gida. Kafin nan ina roƙonka abu biyu. Ka sa a tambayo mini yadda ake samun ganin likitan zuciya a Shika da abin da ake kashewa, sannan a yi mini kiyasin sola da za ta riƙe firij dare da rana, saboda allurar sukari ba ta son zafi.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce mata man zafin yana hanya. A gaida Yaya Babba da su Malam, da duk mutanen zaure.

Wassalam,
ƙaninka.