Sunan Kasuwanci Ko Kamfani: Wanne Ya Dace Da Mai Aikin Kansa?

Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da sauke bautar ƙasa. Kin ce kina zanen tambari da katin biki da haɗa bidiyo a kwamfutarki, aiki ya fara shigowa, kina son yin rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, amma an raba miki hankali: wasu sun ce sunan kasuwanci, wasu sun ce kamfani limitad. Ni na ɗanɗana duka biyun, don haka ga abin da na gani.

Da farko, dokar kamfanoni ta 2020 ba ta tilasta wa wanda ke aiki da sunansa na yanka yin rajista ba, muddin bai ƙara komai a kan sunan ba. Da zarar kin laƙaba wa sana'ar wani suna daban, to rajista ta hau kanki, kuma kwana 28 doka ta ba ki daga ranar da kika fara.

Babban bambancin yana wajen alhaki. Sunan kasuwanci ke ce, riga kawai kika sauya. Idan aka biyo sana'ar bashi, ke za a kama, har kwamfutarki da abin da ke asusunki na gida. Shi kuwa kamfani, doka na kallonsa kamar mutum mai zaman kansa: yana cin bashi, yana kai ƙara, ana kai shi, asararki kuma ta tsaya a kan jarin da kika yi alkawarin zubawa. Wannan kariya ce ta gaske, amma ki tambayi kanki wane bashi mai zanen kati za ta ci da zai kai ta kotu. Mai ɗaukar kwangilar gini ko mai shigo da kaya daga waje, shi ne wannan garkuwa ta fi yi wa rana. Kuma ko da kamfanin ne, ranar da kika je banki neman rance, sau da yawa sai sun sa ki tsaya masa da kanki.

Wajen buɗewa, sunan kasuwanci ya fi sauƙi da araha nesa ba kusa ba. Lambar NIN, hoto, sa hannu, adireshi, sai sunan da za ki ba su su duba ko wani ya riga ki. Kina iya yi da kanki a shafin CAC. Takarda za ta fito da lamba mai BN. Kamfani lambarsa RC ce, yana buƙatar kundin tsarin tafiyar da shi, da jarin hannun jari da bai gaza naira 100,000 a rubuce ba, da kuɗin hatimi a kan jarin. A da sai mutum biyu, shi ya sa iyayenmu suke cusa sunan mata ko ɗa a takarda. Tun 2020 mutum ɗaya ya isa, ƙaramin kamfani kuma ba dole ya ɗauki sakatare ba.

Haraji ma hanyoyinsu sun rabu. Ribar sunan kasuwanci kuɗin shigarki ne, hukumar harajin jiharki za ki kai wa, irin KIRS a Kano ko KADIRS a Kaduna. Dokar harajin da ta fara aiki a Janairun 2026 ta ɗauke haraji daga naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara. Kamfani kuwa da hukumar tarayya yake hulɗa, wadda a da muka sani da FIRS. Ko bai kai matakin biyan komai ba, sai ya kai lissafinsa duk shekara, galibi kuma sai da akanta, akanta kuwa ba kyauta yake aiki ba. Sannan kuɗin kamfani ba naki ba ne da za ki zara ki yi cefane. Albashi za ki yanka wa kanki.

Bari in ba ki nawa labarin. Shekarata ta biyu ina fassara, wata ƙungiya ta ba ni aikin littafi mai shafi tamanin. Na gama, na tura lambar asusuna, sai mai kula da kuɗinsu ya kira ni: "Malam, ba ma biyan kuɗi asusun mutum. Kawo takardar biya mai lambar rajista da lambar haraji." Sati shida kuɗina na kwance. Haushi ya sa na buɗe limitad, don a ganina ya fi cika ido. Ashe sunan kasuwanci ma ya ishe su, don da shi banki zai buɗe mini asusun sana'a. Kamfanin nan na bar shi shekara uku ban kai wa CAC rahoton shekara ba, ban ma san ana yi ba. Ranar da na nemi wata takarda, na iske an rubuta masa "ba ya aiki" a shafinsu, tara ta taru ta ninka abin da na kashe wajen buɗe shi. Sunan kasuwanci ma yana da wannan rahoto, kafin 30 ga Yuni kowace shekara, sai dai nasa bai kai wannan nauyi ba.

Inda kamfani ya yi wa ɗan'uwansa fintinkau shi ne idan za ki haɗa jari da wani, ko kina hangen manyan kwangiloli na gwamnati da kamfanoni, ko kina son sana'ar ta ci gaba bayan ranki. Hannun jari ana rabawa, ana sayarwa, ana gada. Haɗin gwiwa a ƙarƙashin sunan kasuwanci kuwa, bashin da abokiyarki ta ci da sunan sana'ar yana iya faɗowa kanki.

A yadda kika kwatanta aikinki, ke kaɗai da kwamfuta ɗaya, ni dai sunan kasuwanci zan ce ki yi. Ki buɗe masa asusu daban, ki riƙa karɓar rabin kuɗi kafin ki taɓa aiki, ki rubuta sau nawa za a yi gyara, ko a WhatsApp ne, don masu katin biki ba sa gajiya da "a ɗan canja kalar nan". Ranar da kika fara ɗaukar ma'aikata ko wani ya zo da jari, sai ki buɗe kamfani ki rufe na farkon. Ki duba kuɗin rajista a shafin CAC kafin ki biya ɗan kamasho, kuma imel da lambar wayar da za a saka su zama naki.